Mai ciki da sigarin lantarki: wai da gaske tururi ne kawai?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ma'aikatan lafiya da ke cikinmu a taimaka min. Akwai wata ƙanwata a nan Jos, cikin fari gare ta, wata na uku. Tun tana makaranta ta koyi shisha wurin ƙawaye. Da ta gane tana da ciki ta ajiye tukunyar, sai ta koma wannan sigarin lantarkin mai kama da biro, mai ƙamshin kankana. Da na yi mata magana ta ce ai tururi ne da ƙamshi kawai, babu taba a ciki, kuma shi ne ma yake kwantar mata da tashin zuciyar laulayi. Shin da gaske ba ya taɓa abin da ke cikinta? Kuma in ta je awo dole ne ta faɗa musu?

Hajiya Talatu: Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mace da juna biyu tana busa hayaƙi? Maman Hanif, yau ɗin nan ki kira uwarta, ki kira mijin, a zaunar da ita. Wannan ba abin rufa-rufa ba ne, rai ne fa.

Sista Rahila: Hajiya ina kwana. Gaskiyarki rai ne, amma ina roƙon a dakata da tara mata jama'a. Na daɗe a ɗakin awo, kuma abin da na gani shi ne ranar da aka tona wa yarinya asiri ba dainawa take yi ba, wurin ɓoyewa take canzawa. Daga jaka ya koma banɗaki. Gara wadda ta yarda da ke har ta nuna miki.

Maman Hanif, ki ce ta ba ki kwalin ko jikin abin ki duba da kyau. Galibinsu za ki ga an rubuta 5% ko 50mg, wasu 2% ko 20mg. Wannan adadin nikotin ne, sinadarin da ke cikin ganyen taba wanda yake kama mutum ya kasa bari. Ganyen ne babu, amma abin da ke cikin ganyen yana nan. Kuma dalilin da ya sa take jin sauƙi in ta zuƙa, jikinta ne ya saba, in ya rasa sai ya tayar mata da hankali, in ta ba shi ya lafa. Ba laulayin yake warkarwa ba.

Batun awo kuwa, eh, ta faɗa. Mu ba kotu ba ne.

Maman Hanif: Na duba hoton da ta turo min yanzu. Wallahi 5% ɗin ne a jiki.

Dakta Nura: Salam. Sista ta gama rabin aikin, bari in ƙara yadda abin yake kaiwa ga jariri, don sau da yawa in mace ta gane hanyar ta fi saurin yarda.

Ɗan tayi ba ya numfashi da huhunsa. Iskarsa da abincinsa duk daga jinin uwa suke, su bi ta mabiyiya, su shiga cibiya. Nikotin yana matse jijiyoyin jini, har da waɗanda ke kai jini mahaifa. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambu ya san abin da ke faruwa in aka taka tiyo: ruwa na zuwa, amma bai kai yadda shukar ke buƙata ba. Bayan haka nikotin ɗin da kansa yana tsallake mabiyiya ya shiga jinin jariri, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa da huhunsa ke ginuwa. Wannan ya shafi sigari, ya shafi shisha, ya shafi na lantarki, duk ɗaya.

Abin da ake ƙonawa kuma, wato sigari da shisha, yana da ƙarin masifa: iskar kabon monoksaid. Tana manne wa jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da wani abu, sai ta tare wurin. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 a cikinsu an tabbatar suna jawo sankara.

Abin da muke tsoro ga mai ciki da ke shan taba: ɓari, ciki a wajen mahaifa, mabiyiya ta ɓalle kafin haihuwa ko ta zauna a bakin mahaifa jini ya ɓalle, faya ta fashe kafin lokaci, haihuwar bakwaini kafin mako 37, jariri ya zo ƙasa da kilo 2.5, tsagewar leɓe ko ganɗa, da mutuwar jariri a ciki. A matsakaici, 'ya'yan masu shan taba kan zo da ragin nauyi kusan giram 200. Mutane na raina giram 200, amma ga jaririn da dama ƙarami ne, shi ne tsakanin a sallame ku gobe da a sa shi a kwalba.

Zainab Rikkos: Dakta ka yi haƙuri, ni ina da ja a nan. Yayata tana aikin jinya a Ingila, kuma ta ce can in mai ciki ta kasa barin sigari ba sa hana ta na lantarki, har cewa suke ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. To ya za a ce duk ɗaya ne? Kar mu tsorata yarinya ta ce tunda duk ɗaya ne bari in koma tukunyata.

Dakta Nura: Malama Zainab, yayarki ba ta yi ƙarya ba, kuma tambayarki tana kan hanya. Inda na ce duk ɗaya, nikotin nake nufi. Hukumar lafiya ta Ingila tana cewa abin da aka fi so shi ne mai ciki ta bar komai, in ta kasa a taimaka mata da magungunan maye gurbin nikotin irin filastar da ake mannawa a fata, in kuma na lantarki ne kaɗai ya raba ta da sigari, to ya fi ta ci gaba da sigarin. Dalili, ba a ƙona komai a ciki, babu waccan iskar mai tare jini. A Amurka kuma hukumar yaƙi da cututtuka tasu ta tsaya a kan cewa ba shi da aminci ga mai ciki. Amma duka biyun babu wanda ya ce ba shi da illa.

Sannan a lura da bambancin kasuwa. A Ingila doka ta ƙayyade nikotin kada ya wuce 2%. Wanda ke hannun ƙanwar Maman Hanif 5% ne, ya ninka haka sau biyu da rabi. Wa ya gwada ruwan da ke ciki? Wa ya san gaskiyar abin da aka rubuta a kwali? An sha gwada waɗanda aka rubuta babu nikotin aka same shi a ciki. Ga sinadaran ƙamshi da aka yi su don ci, ba don a dafa su a zuƙa cikin huhu ba, ga ɓurɓushin ƙarfe daga wayar da ke ɗumama ruwan. Kuma sigari yana ƙarewa a jefar da guntun, shi kuwa wannan yana hannu daga safe har kan gado, babu mai ƙirga zuƙa nawa aka yi.

Zainab Rikkos: Na gamsu da batun kasuwar. Amma dai ina nan a kan cewa kar a ce mata gara shisha.

Dakta Nura: A nan bakinmu ɗaya. Komawa shisha shi ne mafi muni cikin zaɓin da ke gabanta.

Kabiru Bauchi Road: Ni abin da ke ɗaure min kai kenan. Samari a unguwarmu cewa suke ruwan tukunyar yana tace dattin. Har da masu zuba ƙanƙara.

Sista Rahila: Malam Kabiru, ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, shi ya sa ba ya ƙona maƙogwaro, shi ya sa kuma ake zuƙa har ƙasan huhu. Abin da ake zubawa a kan tukunyar taba ce aka kwaɓa da zaƙi da ƙamshi, a ɗora mata garwashin gawayi, gawayin kuma nasa hayaƙin daban. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zaman shisha na kamar awa guda mutum na iya zuƙar yawan hayaƙin da ya kai na kara 100 na sigari ko fiye. Mai cikin da ta zauna a ɗakin ma, ko ba ta taɓa bututun ba, ta sha rabonta.

Hajiya Talatu: To ni in tambaya. Kakanninmu a Gangare da Dilimi suna cusa tabar gari da kanwa a baki, suna shaƙa a hanci, suna goge haƙori da fure, kuma sun haifi goma-goma. Me ya same su?

Sista Rahila: Hajiya, Allah Ya jiƙansu. Amma ki tuna in tsohuwa tana lissafin haihuwarta yadda take cewa: na haifi goma sha ɗaya, shida na raye. Ba zan ce taba ce ta ɗauke sauran ba, ga ƙyanda, ga zazzaɓi, ga rashin asibiti. Sai dai a wancan lokacin babu mai ɗora jariri a sikeli, babu mai tambayar me ya sa cikin ya zube, sai a ce haka Allah Ya so, a ci gaba. Tabar gari nikotin ɗin ne dai, ta baki ko ta hanci yake shiga jini, kuma an danganta ta da bakwaini da mutuwar jariri a ciki. In akwai mai ciki a gidajenmu da ke ɗan ɗanɗanawa wurin kaka, ita ma ta bari.

Hajiya Talatu: Haka ne kuwa. Mahaifiyata tara ta haifa, mu huɗu muka girma. Allah Ya sa masu ceto ne.

Baban Ilham: Amin Hajiya. Jama'a tun ɗazu ina karantawa gabana na faɗuwa. Duk maganar a kan mata ake, amma ni ne mai shan a gidana. Keke nake ja, Terminus zuwa Farin Gada, kuma sanyin asuba na Jos kun san shi. Maiɗakina cikinta wata shida, ita ko warin ba ta so. Ɗaki ɗaya muke da falo. Da rana a waje nake sha, da dare in sanyi ya yi yawa sai in tsaya bakin taga in busa waje. Wannan ma yana kai mata?

Dakta Nura: Yana kaiwa, Baban Ilham, kuma na ji daɗin da ka fito ka faɗa, don a garin nan matan da ke shaƙar hayaƙin mazansu sun fi masu sha da kansu yawa nesa. Taga ba ta hanawa, iska na mayar da shi ciki. Hayaƙin da ke tashi daga kan karan ma ko audugar gindin bai bi ta ciki ba. Yana maƙalewa a labule da katifa da rigar sanyinka. Matar da ke zaune cikin hayaƙin wani tana da ƙarin haɗarin haifar ƙaramin jariri da rasa shi a ciki. Cikin mutum sama da miliyan 7 da taba ke kashewa duk shekara a duniya, sama da miliyan 1 ba su taɓa kunna ta ba.

Daga daren yau: ba a ɗaki, ba a taga, ba a cikin keke in ka ɗauko ta. Ka fita tsakar gida can nesa da ƙofa, ka ware riga ɗaya ta wannan, ka cire ta ka wanke hannu da baki kafin ka shiga. Wannan rage ɓarna ne kawai. Abin da nake so shi ne kafin ta haihu ka rabu da ita gaba ɗaya, kana da wata uku a hannu.

Ummu Affan: Baban Ilham, bari in gaya maka abin da na gani da idona, ba don in tsorata ka ba. Ɗana na biyu a wata bakwai ya zo, lokacin hunturu. Maigidana a lokacin yana sha a ɗaki, mu rufe ƙofa da taga, mu toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ga kaskon gawayi a tsakiya. Da safe in tashi kaina kamar zai tsage, in ce laulayi ne.

Yaron kilo 1.6 aka auna. Hular da na saƙa masa har kafaɗa take rufe shi. Ba ya iya kama nono, sai in tatsa a ɗan kofi, nas ta zuƙa da sirinji ta tura ta siririn bututun da aka sa masa a hanci. Ina zaune a benci a waje ina jiran a kira ni, in na shiga in zura hannu ta ramin kwalbar in taɓa ƙafarsa, duk tafin bai kai babban yatsana ba. Likita bai ce mana taba ce kaɗai ba, ya ce dalilai kan haɗu. Amma ya tambayi ko akwai mai shan taba a gida, maigidan ya sunkuyar da kai. Kuɗin da muka kashe kuwa sai da aka sayar da injin markaɗena. Yaron na nan, alhamdulillah, sai dai duk sanyi ƙirjinsa na kuka.

Baban Ilham: Allah Ya ƙara masa lafiya, Yaya. Jikina ya yi sanyi.

Malam Sabo: Amin. Ina so in tsoma baki ta fuska biyu. Manzon Allah (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa. Babba in ya sha ya zaɓa wa kansa, wanda ke ciki kuwa ba a shawarce shi ba, ba shi da ƙofar fita, amana ne a wuyan uwa da uba duka. Don haka maza kar mu mayar da wannan hukunci kan mata kaɗai.

Fuska ta biyu ga Hajiya da sauranmu: addinin da ya hana cutarwa shi ne ya yi umarni da suturta musulmi. Nasiha a keɓe ake yi. Maman Hanif, in kin ga sai da mijin za a iya, ki sa ita ta faɗa masa da bakinta, ke ki zauna kusa.

Kabiru Bauchi Road: Malam, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Muna da Dokar Taƙaita Taba ta 2015, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai, ta hana sha a wuraren jama'a. Amma je ka kowace tireda, kara ɗaya za a miƙo maka, ko yaro ka aika. Na lantarkin kuma a Instagram da WhatsApp ake tallarsa, kala-kala, a kawo har ƙofar gida. Yarinyar da ba za ta taɓa yarda a gan ta da kara a baki ba, wannan a jakar kwalliya yake zama, ba wari, ba toka, uwa ta ɗauka turare ne.

Maman Hanif: Na kira ta mun daɗe muna magana, na karanta mata bayanin Dakta da na Sista. Ta yi kuka. Abin da ta fi tambaya shi ne ko ta riga ta makara, tunda wata uku sun wuce tana sha. Kuma tana tsoron kada nas ta rubuta a kati mijin ko uwar mijin su gani.

Dakta Nura: Ki ce mata ba ta makara ba, a lokaci mafi kyau ma take. Akwai binciken da aka buga a 2009 da ya nuna matan da suka bar sigari kafin mako 15 haɗarinsu na bakwaini da ƙaramin jariri ya dawo daidai da na waɗanda ba sa sha. Wadda ta wuce nan ma ta bari, don a watannin ƙarshe jariri ya fi yin nauyi. Mai sigari ko shisha in ta daina, cikin kwana guda waccan iskar ta kabon monoksaid ta fita daga jininta.

Ta sa rana, kusa, ba wata mai zuwa ba. Ta ba ki abin da cajarsa ki fitar daga gidan, tukunyar ma kar a bar ta a saman sif. Kwanakin farko su ne masu wuya: ɓacin rai, ciwon kai, rashin barci. Yawanci cikin mako biyu zuwa huɗu abin na lafawa. Ƙishirwar in ta taso mintoci kaɗan take yi ta wuce, ta sha ruwa, ta yi aswaki, ta fita tsakar gida, ta kira ki. Ƙawayen shishar a ɗan ja baya da su. Ragewa kawai ba ta isa ba: wani babban bincike a Amurka a 2019, kan haihuwa sama da miliyan 20, ya gano ko kara ɗaya a rana lokacin ciki yana ninka haɗarin mutuwar jariri ta farat ɗaya cikin barci.

In ta gwada ta kasa, ta ga likita a duba ko filastar nikotin ta dace da ita. Kar ta je kemis ta sayi ƙwayoyin barin taba da kanta, ba a saba ba masu ciki su ba.

Sista Rahila: Batun kati, ta ce wa nas tana son magana ita kaɗai, ta kuma faɗa mata tsoronta. Sirrin mara lafiya haƙƙinta ne. Amfanin mu sani shi ne mu ƙara sa ido kan girman jariri, mu tura ta hoto in tsayin cikin bai yi daidai da watanninsa ba. Laulayi kuma ta ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, busasshen abu kafin ta sauko daga gado, shayin citta mara ƙarfi. In amai ya hana ta riƙe ko ruwa, ta zo, akwai maganin da ya dace da mai ciki.

Hajiya Talatu: Maman Hanif, in tana son kunun tsamiya ko ɗan wake ki gaya min in aiko. A bar kiran uwar tukuna.

Baban Ilham: Sista, tambaya ta ƙarshe. Mun saba in an haihu a rufe ɗakin mai jego ruf, a sa kasko, a yi turaren wuta. Da wannan sanyin ya za mu yi?

Sista Rahila: Kasko kar ya kwana a ɗaki a rufe, ko da ciki ko da jariri ko babu kowa sai kai. Gawayi na fitar da iskar nan da Dakta ya ambata, ba ta da wari, ciwon kai da jiri da safe su ne alamarta. A hura shi a waje, in za a shigo da shi a bar taga a buɗe, a fitar kafin barci. Jariri hula da safa da kaya biyu sun fi masa, ko uwar ta ɗora shi a ƙirjinta fata da fata ta lulluɓa. Turaren wuta a turara ɗakin lokacin da yaron ke wani ɗaki, a bari hayaƙin ya fita kafin a dawo da shi. A kwantar da shi a rigingine, kuma muddin ba ka bar tabar ba kar ku kwana gado ɗaya da shi, a yi masa shimfiɗarsa kusa da uwar. In za ta zo awo na gaba ka ajiye keken awa ɗaya ka rako ta, ka ce wa nas kana son a duba naka batun kai ma.